Amsoshin Tambayoyinku: Kejin Ƙarfen Motar Tsere Da Akori-Kurar Kasuwa

TAMBAYA: Wasiƙu uku ne suka iso mana a kan magana guda, shi ya sa muka haɗa su wuri ɗaya. Wani manomi daga Tudun Wada ya ce ya kalli tseren motoci a wayar ɗansa, ya ga mota ta yi adungure har sau biyar ta koma kamar gwangwanin da aka taka, amma direban ya fito da ƙafarsa yana ɗaga wa jama'a hannu. Yana tambaya, layar zana ce ko kuwa haɗin hoto ne? Na biyu mai sayen hatsi ne daga Kwanar Dangora ta ƙasar Kiru. Shi ya ji an ce wasu ƙarafa ake sa wa motar a ciki, yana so ya san ko ya kai akori-kurarsa wurin mai walda a yi mata irinsu. Na ukun daga Doguwa ya rubuto, yana neman gaskiyar abin da tsofaffin direbobi ke faɗa a tasha, wai Peugeot 504, wadda muke kira Fijo, ta taɓa cinye tseren duniya.

AMSA: Mun gode wa waɗannan bayin Allah uku, Allah ya bar zumunci. Amsar tana da ɗan tsawo, sai ku gyara zama.

Malam na Tudun Wada, abin da ka gani ba laya ba ce, ba kuma wasan masu haɗa hoto ba ne. Da za a ba ka dama ka leƙa cikin motar nan kafin a tashi tsere, da ka ga ba ta yi kama da wadda ka saba shiga ba. An cire kujerun baya, an cire soso da shimfiɗa, ba abin da ya rage sai kujera biyu, ta direba da ta abokinsa mai karanta masa hanya. Sa'an nan za ka ga bututun ƙarfe masu kauri kamar rake mai ƙiba, an lanƙwasa su an haɗa da walda, sun kewaye mutanen nan biyu ta sama da gefe da baya. Shi ne ake ce wa keji.

Ga yadda ake ɗaura shi. Akwai babban baka a bayan kan direba, ya taso daga daɓen mota ta dama, ya bi rufi, ya sauka ta hagu. Akwai baka na biyu da ke bin gefen gilashin gaba. Ana haɗa su da wasu bututun ta sama, a sa wa babban bakan tokara biyu da suka miƙe zuwa bayan mota, a kuma gicciya ƙarfe a bakin kowace ƙofa, har sai direba ya tsallaka kafin ya shiga. Duk wanda ya taɓa shiga tsohon soro mai ɗaurin guga ya ɗaga kai ya ga bakan da magina suka tayar da azara, ya san aikin baka: nauyin da ya danno daga sama, sai ya raba shi ya sauke a ƙasa ta gefe biyu. To, in mota ta kife, nauyinta duka a kan rufi yake sauka, bakan nan shi ke ɗauka.

Amma ƙarfen da aka gicciya shi ne kan gaba wajen aiki, ko da yake ido ba ya ba shi girma. Ku 'yan kasuwa kun san rumfa mai dirka huɗu. In iska ta bugo ta gefe sai ta kwanta, alhali kuwa ko dirka ɗaya ba ta karye ba. In ka gicciya itace guda daga gindin wannan dirka zuwa kan waccan, shi ke nan ta tsaya. Abu mai kusurwa huɗu yana karkacewa, mai kusurwa uku kuwa ba ya karkacewa sai dai ya karye. Shi ya sa in ka dubi kejin da kyau za ka ga duk kusurwa uku-uku ne.

Ba kuma kowane ƙarfe ake karɓa ba. Hukumar tseren motoci ta duniya, watau FIA, mai hedkwata a Faris, ta rubuta ƙa'idarsa dalla-dalla. Bututun ya zama wanda aka zaro shi ɗungurungum, ba wanda aka naɗe falle aka ɗinke shi da walda ba. Na babban baka faɗinsa ya kai milimita 45 da kaurin bango milimita 2.5, ko faɗin 50 da kaurin 2. Ƙarfen kansa sai kowane murabba'in milimita ɗaya ya jure jan kusan kilo 35 kafin ya tsinke. Ƙafar kejin kuma ba a dasa ta a kan falankin mota haka kawai, sai an shimfiɗa faifan ƙarfe mai kaurin milimita 3, in ba haka ba ranar da aka kife ƙafar za ta huda daɓen ta wuce kamar yadda tsinke ke huda ganye. Kafin a tashi tsere akwai masu duba mota, in suka ga walda ba ta zagaye bututu gaba ɗaya ba, motar ba ta fita.

Yanzu ga wurin da muke so ku buɗe kunne. Keji shi kaɗai ba ya ceton kowa. Mai sayar da ƙwan zabi ya san wannan. Sa ƙwai ɗaya a cikin akwatin ƙarfe, ka rufe, ka gangara da akwatin daga kan tudu. Akwati zai isa ƙasa lafiya lau, ƙwai kuwa sai dai a kwashe da cokali. In ka cika akwatin da ɓuntun shinkafa yadda ƙwan ba zai motsa ba, sai ya isa da ransa. Keji shi ne akwati. Ɓuntun kuwa su ne bel da kujera da hular kwano.

Bel ɗin direban tsere ba irin namu ba ne. Igiya biyar ko shida ce, biyu ta kafaɗu, biyu ta ƙugu, saura ta tsakanin cinyoyi, duk sun haɗu a maɓalli ɗaya a kan ciki, ana ɗaure su tamau har numfashi ya yi masa nauyi. Kujerar tana rungume haƙarƙarinsa da gefen kansa. Yana sanye da hular kwano, an kuma ɗaure hular da wani abu da ke kwance a kafaɗunsa don kada kai ya fizge wuya. Wannan na wuya ya zama dole a manyan tseren Amurka bayan mutuwar shahararren direbansu Dale Earnhardt a Daytona ranar 18 ga Fabrairu, 2001. Motarsa tana da keji mai kyau, amma fizgar kai ta karya masa gindin ƙwarya. Ga rigar da wuta ba ta saurin ci, ga abin kashe gobara a cikin motar. Hanyar kuma an rufe ta, babu mai tahowa, babu shanu, babu ɗan acaɓa, likita na jira a kusa.

Dalilin wannan ɗauri duka lissafi ne. Mota mai gudun kilomita 50 a awa in ta daki abu ta tsaya cak, jikinka bai san an tsaya ba, zai ci gaba da tafiya da gudun nan. Daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10, kamar saman bene mai hawa uku. In gudun ya ninka ya zama 100, bugun ba ninki biyu yake yi ba, ninki huɗu ne, kamar faɗowa daga mita 40. Mutum mai nauyin kilo 60 da aka tsayar da shi cikin rabin mita daga gudun 50, ƙarfin da ke tura shi gaba ya kai na buhun masara 12 masu kilo ɗari-ɗari. To, mai cewa zai dafe da hannu, ya fara gwada tare buhu 12 tukuna.

Kada ku ɗauka tun farko Turawa suka san haka. Da rayuka suka sayi wannan ilmi. Tseren mota na farko da aka fi ambata an yi shi a Faransa cikin watan Yulin 1894, daga Faris zuwa garin Rouen, tafiyar kilomita 126. Motar da ta riga isa, in an daidaita gudunta, kilomita 19 ne a awa, abin da mai keke zai yi. Shekara tara kacal bayan haka, a 1903, gudu ya haura kilomita 100, aka shirya tsere daga Faris zuwa Madrid. Tun a yinin farko aka yi asarar direbobi da 'yan kallo, har gwamnati ta tsayar da tseren a garin Bordeaux. Cikin waɗanda haɗarin ranar ya yi ajalinsu har da Marcel Renault, ɗaya daga cikin 'yan'uwan da suka kafa kamfanin Renault.

Motocin tsere na wancan zamani a buɗe suke, babu rufi, kan direba shi ne abin da ya fi komai tsawo a jikin motar. Ba su kuma ɗaura bel, da gangan. Tankin mai na kewaye da su, tsoron gobara suke yi, sai suka ce gara mota ta cillo mutum waje da ya ƙone a ciki. Kun ji maganar ta yi kama da wadda ake yi a tasha yau? To ga yadda ta kaya. A filin tseren AVUS na birnin Barlin a Jamus, ranar 2 ga Agusta, 1959, birkin motar Hans Herrmann ya tsinke, motar ta yi ta alkafura ta cillo shi, ya tashi da 'yan ƙujewa. Hoton ya zaga duniya. Amma kwana ɗaya kafin nan, a filin nan dai, mota ta cillo Jean Behra, Bafaranshe, ya bugi sandar tuta, nan take ya cika. Mai ba da labarin wanda aka cillo ya tsira yakan manta da na biyun, don shi ba ya nan balle ya ba da nasa. Lissafin hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka ya nuna cewa a haɗurran da aka yi rashin rai, cikin mutum goma da mota ta cillo waje gaba ɗaya, fiye da bakwai ba su rayu ba.

Bakan ƙarfe ya zama doka ne bayan tseren Indianapolis na Amurka na 1958, inda motar Pat O'Connor ta hau kan wata ta kife da shi, kansa ya fashe. Daga 1959 aka ce duk motar da za ta shiga sai da baka a bayan kan direba. Babbar gasar duniya ta Formula 1 ta bi sahu a 1961, bel kuwa sai a 1972 ya zama tilas a cikinta. Bel ɗin da ke cikin motocinmu, mai bi ta kafaɗa da ƙugu, wani injiniyan kamfanin Volvo na ƙasar Suwidin mai suna Nils Bohlin ne ya ƙirƙiro shi, aka fara sa shi a 1959, kamfanin kuma ya bar wa kowa ya kwaikwaya kyauta. Har yanzu ba a daina ƙari ba. A 2018 aka ƙara wa motocin Formula 1 wani zoben ƙarfe a saman kan direba wanda ke ɗaukar nauyin tan 12, direbobi da yawa suka yi ta ƙorafi wai ya ɓata wa mota kyau. A watan Nuwamban 2020 a Baharain motar Romain Grosjean ta huda shingen ƙarfe ta rabe biyu ta kama da wuta, zoben nan ya buɗa shingen a saman kansa, ya fito cikin daƙiƙa 28 da ƙuna a hannuwa. Shi ma da yana cikin masu ƙorafin.

Mu zo kan mutumin Doguwa. Malam, tsofaffin direbobin nan ba su yi ƙarya ba, sai ma dai sun rage. Akwai tseren da ake kira Safari a Gabashin Afirka, an fara shi a 1953 don bikin naɗin Sarauniyar Ingila Elizabeth, a wancan lokaci ana ratsa Kenya da Yuganda da Tanganyika, tafiyar kusan kilomita 5,000 a kan hanyar burji da laka da tsallaken rafi. A 1963 mota 84 suka tashi, bakwai kaɗai suka dawo, ta farkonsu kuwa Peugeot 404 ce. Ta sake ci a 1966 da 1967 da 1968. Ƙanwarta 504, wadda aka fara ƙerawa a 1968, ta ci Safari a 1975 a hannun Ove Andersson ɗan Suwidin, a shekarar nan kuma ta ci tseren Maroko da na Bandama a Kwaddibuwa. Shi wannan na Bandama tsananinsa ya kai a 1972 ko mota ɗaya ba ta kai ƙarshe ba. A 1978 wata 504 mai ƙofa biyu da babban inji ta sake cin Safari.

Shekarar nan ta 1975 ita ce kuma shekarar da masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci, aka yi ta fitar da 504 daga can har wajen shekara talatin. Ka ga ke nan ba banza ba ta cika tashoshinmu. Ƙafafunta masu jure gargada da jikinta mai ƙwari, abin da ya ci tsere shi ne ya yi jigilar Kano zuwa Jos. Sai dai a faɗi gaskiya: wadda ta ci tseren mutum biyu ta ɗauka, kowa a ɗaure, ba mutum tara da buhu uku a but ba.

Wasunku masu fatauci zuwa Nijar sun ji labarin tseren Faris zuwa Dakar. An fara shi ranar 26 ga Disamba, 1978, ya ratso hamada ta Aljeriya ya biyo ta Agadas da Yamai. Peugeot ta ci shi shekara huɗu a jere, daga 1987 zuwa 1990. An soke na 2008 saboda barazanar tsaro a Muritaniya, aka mai da shi Kudancin Amurka, daga 2020 kuma a Saudiyya ake yinsa, sunan Dakar ne dai ya bi shi. Wanda ya ci wa Peugeot uku daga cikin huɗun nan, Ari Vatanen ɗan ƙasar Finlan, labarinsa shi ne labarin ƙwai da akwati. A 1985 a Ajantina motarsa Peugeot 205 ta yi adungure cikin matsanancin gudu. Keji ya riƙe, amma kujerarsa ta ɓalle, ya yi ta karo a cikin motar, ya karye a baya da haƙarƙari da ƙafa, saura ƙiris ya tafi. Sai da ya yi shekara ɗaya da rabi kafin ya koma tsere. A watan Mayun 1986 kuma Henri Toivonen da abokin tafiyarsa suka faɗa kwazazzabo a tsibirin Kosika, tankin mai da ke ƙarƙashin kujerunsu ya kama, suka ƙone. Keji ba ya maganin wuta. Masu ajiye jarkar fetur a ƙarƙashin kujerar fasinja, da ku muke.

To Alhaji na Kwanar Dangora, ga taka amsar: kada ka kai. In ka sa bututun ƙarfe a cikin gidan direba, a gefen kan da babu hular kwano, ka ƙara wa kanka abin da zai fasa maka kai ne. Ko ƙaramin karo aka yi, wanda da za ka fita da ciwon wuya kawai, kanka zai sami ƙarfe yana jiransa. Su kansu masu tsere suna gargaɗin juna a kan hawa mota mai keji ba hula. Ƙarafan da ake yi wa akori-kura a baya kuwa, na ɗaura tamfol da tare kaya, yawanci da fayif ɗin ruwa ake yinsu, mai ɗinki a tsawonsa, a ɗaure a jikin bodi da 'yan kusoshi. Mai walda bai cuce ka ba, abin da ka sa shi ya yi maka. Amma ranar da mota ta kife, fayif ɗin yana tsagewa ta ɗinkin, guntunsa ya zama mashi. Haka ƙarfen rumfar Adaidaita Sahu, na riƙe tamfol ne. Mutanen da ke zaune a kan buhuna a baya ranar kasuwa, su ba akwati ba ɓuntu, tare da kayan ake zubar da su.

Motarka da ma tana da nata kejin daga masana'anta: ginshiƙan da ke riƙe da rufi, na gefen gilashin gaba da na tsakanin ƙofofi da na baya. Su za ka kula da su. Na motocin zamani da wani ƙarfe mai tsananin tauri ake yinsu, wanda in aka gasa shi da wutar gas don a miƙe shi, ƙarfinsa ya tafi ba ya dawowa. Motar da ta taɓa kifewa aka buge rufinta aka shafe da fila aka fesa fenti tana sheƙi a ido, amma karo na biyu rufin zai sauko har kan kujera. In za ka sayi mota ta hannu, tafi da ɗan maganaɗisu ka bi ginshiƙan da shi, inda ya ƙi kamawa akwai fila mai kauri. Ka kuma ja robar bakin ƙofa ka duba. Waldar masana'anta ɗigo-ɗigo ce a jere daidai wa daida, ta gareji kuwa ba ta ɓuya.

Kuɗin da ka ware wa mai walda, ka kai su wurin bel da taya. Bel ɗin da aka yanke ko aka tura ƙarƙashin rigar kujera, a dawo da shi. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tun ranar 1 ga Janairu, 2003 ta fara tilasta ɗaura shi, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce yana rage haɗarin mutuwar na cikin mota da kusan rabi. Mun san yadda ake yi, a rataya shi a kafaɗa in an hango jami'ai, a sake in an wuce. Bel ɗin da ba a danna a maɓallinsa ba rawani ne kawai. Mutum biyu a kujerar gaba kuma, ɗaya dole ba shi da bel. Taya kuwa tana da ranar haihuwa a jikinta, lamba huɗu a cikin ɗan zobe: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, mako na 23 ke nan na shekarar 2019. Taya tana tsufa ko zanenta bai cinye ba, zafin kwaltar bazara kuwa ba ya raga wa tsohuwa.

Sai maganar lodi, wadda ita ce uwar kifewa. Motar tsere ƙasa-ƙasa ake yinta, duk abu mai nauyi a kusa da daɓe. Mu kuma da kaka, in shinkafar Tudun Wada da masarar Doguwa suka fito, sai a tayar da lodi ya fi gidan direba tsawo, a ɗora mutane a kai. Akori-kura irin 504 tan ɗaya da ɗan ɗoriya aka yi ta ta ɗauka, watau buhu goma zuwa sha biyu. Mai jaki ya fi mu sanin wannan, mangala a gefe biyu take rataye ƙasa-ƙasa, ba a tsakiyar gadon baya ake tula kaya ba. Abin ɗora kaya na saman bas, wanda direbobi ke ce wa kariya, sunan ne kawai, duk buhun da ka ɗora a can yana jan motar ta kwanta a kwana. In dole ne, mai nauyi a ƙasa, marar nauyi a sama.

Yawancin kifewa kuma ga yadda take faruwa. Hanyar da ta tashi daga Kwanar Dangora ta bi Tudun Wada ta ratsa dajin Falgore zuwa Saminaka tana da kwana da gangara. Direba ya kauce wa rami ko wata mota, tayar dama ta sauka daga bakin kwalta inda ruwa ya zaizaye, gabansa ya faɗi, ya fizgo sitiyari da ƙarfi yana taka birki. Tayar ta ciji bakin kwalta, motar ta yi tuntuɓe kamar mutum, nauyin sama ya ƙarasa aikin. Abin da masu koyar da tuƙi ke cewa shi ne, in taya ta sauka, ka ɗaga ƙafa daga totur, ka riƙe sitiyari sosai ka bar motar ta ci gaba a miƙe, sai gudu ya ragu sa'an nan ka hau kwalta a hankali. Haka ma in taya ta fashe, birki mai ƙarfi shi ke kayar da mota.

Akwai wuri ɗaya da bakan ƙarfen nan ya shafe ku kai tsaye, ko da yake ba a tambaye mu ba, musamman manoman Bebeji da ke aiki a kewayen madatsar ruwa ta Tiga, da na ƙasar Doguwa mai tuddai. Watau tantan, motar noma. Ita doguwa ce, nauyinta a sama, tana kifewa ta gefe a bakin kwata ko gangaren hanyar ruwa, tana kuma tashi ta baya in an ɗaura mata abin ja a sama da inda aka tanada. Tashin baya ba ya kai daƙiƙa biyu, ba wanda ke da saurin dirowa. Suwidin ce ƙasar farko da ta ce, daga 1959, duk sabuwar tantan sai da baka ko gidan ƙarfe a kan direba. Cikin shekara talatin mutuwar kifewar tantan a can ta ragu da fiye da kashi 90 cikin ɗari. Masu binciken lafiyar ma'aikata a Amurka sun ce baka tare da bel yana hana mutuwa ko mummunan rauni a kashi 99 cikin ɗari na kifewa.

Saboda haka in tantan ɗinku ta zo da ƙarfen nan mai kama da ƙofar gida a bayan kujera, kada a kwance shi don yana kama reshen mangwaro, kada a huda shi ko a yi masa walda don rataya wani abu. Wanda ake naɗewa, a tayar da shi da zarar an fita daga ƙarƙashin itatuwa. Rumfar inuwa da aka yi da siririn fayif maganin rana ce kawai. Ƙa'idar bel a tantan kuma ta bambanta da ta mota, ku riƙe ta da kyau: in akwai baka, a ɗaura bel, in babu baka, ba a ɗaurawa, don a nan bel zai riƙe mutum ne a inda ƙarfe zai danne shi. Kujerar tantan guda ɗaya ce, yaran da ke ɗarewa a kan murfin taya in za a tafi gona, bakan bai san da zamansu ba.

Mai sauraronmu na Kiru da ya yi tambaya a kan bambancin man juye na tantan da na mota, taka amsar sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.